MU KOYI TURANCI: KALMAR "MATERIALISE", WATO TABBATAR ABU

  Muna gaida ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tare da malamansu.

A wannan wata kalma ɗaya tak za mu ɗauka. Doguwa ce, amma kada tsawonta ya ba ku tsoro. Ana jin ta a labarun rediyo na Turanci. Ana ganin ta a takardun ofis, da jaridu, da wasiƙun da yaranmu na birni ke aikowa. Kusan kullum tana zuwa ne inda ake maganar alkawari, ko rance, ko aiki, ko ruwan sama. Wanda ya san ta zai iya bambanta abin da ya zo hannu da abin da ake jira. Wanda bai san ta ba, yana iya cin bashi a kan kuɗin da ba su zo ba.

Ga kalmar: MATERIALISE.

1. YADDA AKE RUBUTA TA DA YADDA AKE FAƊIN TA

Kalmar tana da haruffa 11. Ku ƙirga su da yatsa: m, a, t, e, r, i, a, l, i, s, e.

Ana faɗin ta kamar haka: ma-TI-ri-ya-laiz. Gaɓoɓi biyar ke nan. A ɗaga murya a kan gaɓa ta biyu, wato TI. Harafin "e" na ƙarshe ba a furta shi. Ku faɗa a hankali sau uku, sannan ku faɗa da sauri sau uku.

Wani lokaci za ku ga an rubuta materialize, da "z" maimakon "s". Ba kuskure ba ne. Mutanen Amurka da "z" suke rubutawa. A Ingila an fi amfani da "s", mu ma a Nijeriya haka makarantunmu suka fi koyarwa. Faɗi ɗaya ne, ma'ana ɗaya ce.

2. DAGA INA TA FITO?

Mata sun riga sun san rabin wannan kalma. Akwai yadin da ake kira matiriyal a kasuwa. Wannan suna daga kalmar Turanci material ya fito. Amma a Turanci material bai tsaya ga yadi kaɗai ba. Yana nufin duk kayan da ake yin wani abu da su. Siminti da kwano da katako su ne material na gini. Fata ce material ta baduku. Ƙarfe ne material na maƙeri. Turawa kuma sun aro kalmar daga wani tsohon harshe mai suna Latin, inda materia ke nufin katako ko kayan aiki.

To, sai aka ƙara wutsiya "ise" a bayan material. Wannan wutsiya tana mayar da kalma ta zama aikatau, wato kalmar aiki. Tana nufin "zama" ko "mayar da". Manoma sun san wata kalma mai irin wannan wutsiya. Fertile na nufin ƙasa mai albarka. Fertilise na nufin a sa ƙasa ta yi albarka. Daga nan aka sami fertiliser, wato takin zamani.

Saboda haka material da ise, idan an haɗa, sun ba mu: abu ya zama kaya, ya zama abin da ido zai gani, hannu zai taɓa.

3. MA'ANARTA TA FARKO

Materialise na nufin abin da ake fata, ko aka shirya, ko aka yi alkawari, ya tabbata. Da yana baki ko yana takarda, yanzu ya fito fili.

Da Hausa muna iya cewa: ya tabbata, ya samu, ya yiwu, ya zama gaskiya.

Ku lura da abu ɗaya. Ba kowane abin da ya faru ake ce wa materialise ba. Sai abin da aka daɗe ana jira ko ana zato. Idan akuya ta tsinke ta shiga gonar maƙwabci, ba a cewa ta materialise, domin ba wanda ya zauna yana jiran haka. Amma idan an yi wa ƙauye alkawarin rijiyar burtsatse, aka yi ta jira, ran nan sai ga masu haƙa sun zo, ruwa ya fito, to nan ne wurin kalmar.

Ga siffofinta huɗu:

materialise: tabbata
materialises: yana tabbata, ko yakan tabbata
materialised: ya tabbata
materialising: yana cikin tabbata

4. MISALAI DAGA TARIHINMU

Kafin 1991 ƙasar Gumel tana cikin Jihar Kano. Haka ma Haɗeja da Kazaure da Dutse da Ringim. Mutanen wannan yanki sun yi shekaru suna neman jiharsu. An yi tarurruka, an rubuta takardun koke. Duk wannan lokaci jihar tana baki ne kawai. A ranar 27 ga Agusta, 1991, Shugaban Ƙasa Janar Ibrahim Babangida ya ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin jihohi tara. Jigawa na cikinsu, da babban birninta a Dutse. Kebbi da Yobe ma ran nan aka haife su. Da Turanci sai mu ce:

The dream of a new state materialised in 1991.
Mafarkin samun sabuwar jiha ya tabbata a 1991.

Misali na biyu. Jirgin ƙasa ya fara isa Kano a 1911. Daga baya aka shirya jan layin dogo zuwa gabas, domin kwasar gyaɗa da fatu. Layin ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930.

The plan for a railway to Nguru materialised in 1930.
Shirin kai layin dogo Nguru ya tabbata a 1930.

Misali na uku ya shafi karatun da kuke yi. A 1980 gwamnatin Jihar Kano, ƙarƙashin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ta kafa hukumar ilmin manya. A lokacin ƙasar Gumel na cikin Kano. An buɗe azuzuwa a birni da ƙauye, har hukumar ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Dattijon da ya shiga aji, ya dage, har ya karanta wasiƙarsa da kansa, yana iya cewa:

My hope has materialised.
Fatana ya tabbata.

5. IDAN ABIN BAI TABBATA BA

Ga wani abin lura. An fi jin wannan kalma a inda abu ya ƙi tabbata. Akwai hanyoyi uku da aka saba faɗin haka:

did not materialise: bai tabbata ba
failed to materialise: ya kasa tabbata
never materialised: bai taɓa tabbata ba, har aka fid da rai

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba, da na 1984. An yi shuka, an zuba wa gabas ido, ruwan da ake jira bai wadata ba. Gero ya bushe a tsaye, dabbobi suka mutu a wurare da yawa na arewacin Nijeriya da Nijar.

The rains failed to materialise.
Ruwan da ake jira ya kasa zuwa.

Ba ƙauye kaɗai ba, har manyan ƙasashen duniya sukan yi alkawarin da bai cika ba. A watan Maris na 1990 wakilan ƙasashe 155 sun taru a garin Jomtiyen na ƙasar Tailan. Sun sa wa kansu burin ilmi ga kowa. Sun ce kafin shekara ta 2000 za a rage jahilci tsakanin manya da rabi. A wannan shekara ta 1990 ce Nijeriya ta kafa hukumar ƙasa mai kula da yaƙi da jahilci da ilmin manya. An yi ƙoƙari, an sami ci gaba, amma ba a kai inda aka nufa ba. Da aka sake taruwa a Dakar, babban birnin Senegal, a watan Afrilu na 2000, sai aka ɗaga wa'adin zuwa 2015.

The target did not materialise by the year 2000.
Burin bai tabbata ba zuwa shekara ta 2000.

Ku lura da ladabin da ke cikin kalmar. Mai cewa did not materialise bai ambaci mai laifi ba. Bai ce wane ya yi ƙarya ba, bai ce wane ya ci amana ba. Ya ce dai abin bai samu ba. Shi ya sa ma'aikatan ofis ke son ta. Kai ma kana iya amfani da ita idan za ka rubuta koke cikin mutunci. Amma idan kai aka faɗa wa, kana da damar tambaya: me ya hana, kuma yaushe za a yi?

6. A DUBA ƘANANAN KALMOMIN DA KE GABANTA

Nan ne zuciyar darasinmu, sai a natsu. Idan kun ga materialise a takarda, kada ku yi murna tukuna. Ku fara duba ƙananan kalmomin da ke gabanta. Su ne ke faɗa muku ko abin ya zo, ko yana hanya, ko babu tabbas. Mu ɗauki misalin rancen noma. Loan shi ne rance.

The loan has materialised.
Rancen ya fito. Wannan ya zo hannu.

The loan will materialise.
Rancen zai fito. Wannan alkawari ne.

The loan may materialise.
Wataƙila rancen ya fito. Wannan zato ne.

The loan is yet to materialise.
Har yanzu rancen bai fito ba, ana dai sa rai.

When the loan materialises...
Lokacin da rancen ya fito... Mai magana yana ganin zai fito, amma bai faɗi rana ba.

If the loan materialises...
Idan rancen ya fito... Mai magana da kansa ba shi da tabbas.

Jimloli shida ke nan. A cikinsu ɗaya ce kawai ke nuna kuɗi sun zo, wato ta farko, mai has. Sauran biyar duk jira ne. Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Will da may da yet to da when da if duk hangen Dala ne. Has materialised shi ne shiga birni.

Wadda ta fi yaudarar sababbin masu karatu ita ce yet to. Babu not a cikinta, babu never, sai mutum ya zaci labari mai daɗi ne. A'a. Duk inda kuka ga yet to, ku karanta shi da "har yanzu bai".

7. MISALIN WASIƘA

A ce wani magidanci yana da ɗa a Legas. Ɗan ya aiko da saƙo, cikinsa akwai wannan jimla:

Baba, if the job materialises, I will send money for the bulls.

Job shi ne aiki. Send money shi ne aiko da kuɗi. Bulls su ne bijimai, a nan shanun huɗa ake nufi. Ma'anar jimlar ita ce: Baba, idan aikin ya samu, zan aiko da kuɗin shanu.

Wanda ya tsinci money da bulls kaɗai zai ce kuɗi na tafe. Ranar Alhamis sai ya wuce kasuwar Maigatari, ya sami dillali, ya karɓi shanu bashi, ya ce za a biya a wata mai zuwa. Wata ya zo ya wuce, aiki bai samu ba. Mai shanu yana ƙofar gida. Ƙarshenta sai an sayar da hatsin ci, ko an jinginar da gona.

Shin yaron ya yi ƙarya? Bai yi ba. Ya sa if a farkon maganarsa. Mai karatu ne ya tsallake ta. Haruffa biyu ne kawai, i da f, amma su ne suka ɗauki nauyin jimlar duka.

Mai hankali zai mayar da amsa ya ce: Allah ya sa a dace, idan ya tabbata ka sanar da ni. Kafin nan sai ya shirya damina da abin da ke hannunsa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Haka abin yake ga mai riɗi ko zoɓo. Idan ɗan kasuwa ya ce zai saya when the contract materialises, wato lokacin da kwangilarsa ta tabbata, to bai saya ba tukuna. Kada ka hana wani mai saye da kuɗi a hannu saboda shi, sai fa in ya ba da kafin alƙalami a gaban shaidu.

8. MA'ANARTA TA BIYU

Kalmar tana da wata ma'ana. Ita ce abu ya bayyana kwatsam, kamar daga sama. Lokacin hunturu, hazo kan rufe hanyar Gumel zuwa Maigatari. Kana tafe ba ka ganin komai, sai kawai ka ga babbar mota a gabanka.

A lorry materialised out of the dust.
Sai ga babbar mota ta ɓullo daga cikin ƙura.

A nan ba alkawari, ba jira. Ɓullowa ce kawai. Ana kuma faɗin ta cikin raha ga mutumin da aka jira bai zo ba:

The driver did not materialise.
Direba bai ɓullo ba.

Wannan ma'ana an fi samun ta a littattafan labarai. Ta farko ce za ku fi cin karo da ita.

9. KURAKURAI UKU DA ZA A GUJE WA

Na ɗaya. A maganar yau da kullum, abin da ake jira shi ne ke materialise da kansa. Shi ake sawa a farkon jimla. Kada ka ce I materialised the well. Ka ce The well materialised, wato rijiyar ta samu. Idan kana son nuna wanda ya yi aikin, ka ɗauki wata kalma: We dug the well, mun haƙa rijiyar.

Na biyu. Kada a haɗa ta da realise, ko da yake wutsiyarsu ɗaya. Realise ta fi zuwa da ma'anar ganewa. I realised my mistake, na gane kuskurena. Tana kuma nufin cim ma buri. She realised her dream, ta cim ma burinta. Ku duba bambancin: mutum ne ke realise burinsa, amma buri ne ke materialise.

Na uku. Kada a sa ta ko'ina don a nuna an iya Turanci. Akwai gajerun kalmomi masu yin aikinta. Happen, faruwa. Come true, zama gaskiya, musamman ga mafarki ko fata. A hira da aboki waɗannan sun isa. Materialise ta fi dacewa da takardar ofis da rahoton taro.

10. GAJERUWAR HIRA

Mutum biyu su tashi a aji su karanta. Ɗaya ya zama malamin gona, ɗaya ya zama dattijo shugaban ƙungiyar manoma.

Shugaba: Malam, barka da zuwa. Ina labarin takin da muka rubuta takarda a kansa?
Malamin gona: Barka kadai, Baba. Ga amsar da aka aiko. An ce, The supply is yet to materialise.
Shugaba: Alhamdu lillahi. Ashe ya iso.
Malamin gona: A'a, Baba. Ka duba da kyau. Akwai yet to a gaba.
Shugaba: Af, haka ne. Wato har yanzu bai iso ba.
Malamin gona: Shi ke nan. Ana sa rai, amma ba a faɗi rana ba.
Shugaba: To, Malam, zan gaya wa jama'a kowa ya ci gaba da kai takin gida gona. In na zamani ya zo, ƙari ne.
Malamin gona: Wannan shawara ta yi, Baba.

11. AIKI

A. Ku rubuta kalmar sau biyar a littafinku, kuna faɗin ta da ƙarfi.

B. Ku fassara zuwa Hausa. Clinic shi ne ƙaramin asibiti, road hanya, buyer mai saye, promise alkawari.
1. The clinic has materialised.
2. The road is yet to materialise.
3. The buyer did not materialise.
4. The promise never materialised.

C. A cikin jimlolin nan huɗu, wacce ce ke nuna abin ya zo hannu?

D. Ku cike gurbi da has, ko will, ko if.
1. ...... the rain materialises, we shall plant.
2. The money ...... materialised, come and collect it.
3. The plan ...... materialise next year.

E. Ku tattauna a aji. Ku kawo abu biyu da aka yi alkawari a garinku suka tabbata, da abu biyu da har yanzu ake jira. A cikin waɗanda ake jira, wanne ne jama'a za su iya yi da kansu ta hanyar aikin gayya ko ƙungiyar gama kai? Wanne ne sai an bi ta ƙaramar hukuma? Wa zai rubuta takardar, kuma ran yaushe za a kai?

F. Ku kwafi wannan jimla, ku ajiye. Za ta yi amfani ran da za ku rubuta takardar tuni:
Sir, the borehole promised to our village is yet to materialise.
Ranka ya daɗe, rijiyar burtsatsen da aka yi wa ƙauyenmu alkawari har yanzu ba ta samu ba.

Amsoshin C da D: C, jimla ta 1. D, 1 if, 2 has, 3 will. Kada a leƙa sai an gama.

ABIN TUNAWA

Materialise na nufin abin da ake jira ya tabbata. Kafin ka yi aiki da takarda, ka duba kalmar da ke gabanta. Has, ya zo. Will, may, when, if da yet to, ana jira. Kada ka ci bashi, kada ka sayar da dabba, kada ka sa ranar biki a kan abin da ake jira. Alkawari kaya ne a kan wanda ya ɗauka, amma gani ya kori ji.

Malamai, a taimaka a raba wannan darasi gida biyu ko uku, kada a cika wa ɗalibai. Wanda ya gane ya koya wa maƙwabcinsa. Wanda ke da wata kalmar Turanci da ta shige masa duhu, ya rubuta ta ya ba malamin ajinsa a aiko mana.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.